An Ciri Kuɗi Ƙasa Da Na Kayan Da Na Saya, Yanzu Shagon Yana Bi Na Ciko

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Wata matsala ce ta hana ni sukuni, na ce bari in kawo miki.

Wata biyu da suka wuce ana shirin bikin ƙanwata, ni aka ɗora wa sayen wasu daga cikin kayan kicin. Ina da goyo, shiga kasuwa ya yi mini wuya, sai na yi oda a wani shagon intanet da na saba saye a wurinsu. Na zaɓi setin tukwane na ₦48,000, fanka mai caji ta ₦72,000, da bilenda ta ₦55,000, kuɗin kawowa kuma ₦5,000. Lissafi ya kama ₦180,000, haka ma aka rubuta a takardar odar da suka turo mini. Na biya da kati. Da alat ya shigo sai na ga ₦125,000 kawai aka cire. Ba zan ɓoye miki ba Anti, na lura. Na ce a raina wataƙila rangwame suke yi, na ja bakina na yi shiru. Bayan kwana uku aka kawo kaya cif, babu abin da ya ragu, aka jera wa amarya, har ta fara amfani da su.

Sai makon jiya wata yarinya daga shagon ta yi mini magana ta WhatsApp, wai kuɗin bilenda bai fita ba, na'urarsu ce ta yi kuskure. Ta ƙara da cewa tukwanen ma tsohon farashi ne aka manta ba a sauya ba, ainihin kuɗinsu ₦62,000 ne, don haka in cika ₦14,000. Gaba ɗaya ₦69,000 suke nema. Da na ce to ni mene ne laifina, sai ta koma roƙo, wai daga albashinta za a cire. Jiya kuma wani namiji ya kira, ya ce shi ne manaja, idan ban biya cikin kwana uku ba za su cire daga katina tunda yana ajiye a manhajarsu, ko su haɗa ni da 'yan sanda, ko su sa hotona a shafinsu a ce ga wadda ta cinye musu kaya.

Maigidana ya ce kada in ba su ko sisi, tsuntsu daga sama gasasshe, su suka yi kuskurensu. Yayata kuma ta ce in biya duka in huta, mutunci ya fi kuɗi. Ni kuma gaskiya kuɗin ba sa hannuna yanzu, biki ya kwashe komai. Shin dole ne in biya? Suna da ikon taɓa asusuna? Ki taimaka mini da shawara.

Daga ƙanwarki, Kano.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sanya alheri a auren, Ya ba su zaman lafiya, Ya raya mana goyon da ke bayanki.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne wurin da kika ce kin lura. Mutane da yawa da sun ce ba su ko duba alat ba. Tunda kin faɗa mini gaskiya, ni ma ba zan rufe ki ba. Maigidanki da yayarki duk sun haɗa abu biyu mabambanta sun ɗaure da igiya ɗaya, shi ya ce a yar da ƙullin, ita ta ce a ɗauke shi gaba ɗaya. Ki kwance shi tukuna. Kuɗin bilenda, ₦55,000, bashi ne a kanki, ki biya. Cikon tukwane, ₦14,000, ba ya wuyanki. Barazanar manaja kuwa ta fi ƙarfin abin da doka ta ba shi nesa ba kusa ba.

Bari in fara da bilendar, don ita ce ke nuƙurƙusar zuciyarki ko ba ki faɗa ba.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu na raka mahaifiyata Kantin Kwari gab da ƙaramar Sallah. Turmi huɗu na atamfa ta ɗauka. Ga cunkoso, ga zafi, yaron shagon yana fama da mutum biyar a lokaci guda, ya lissafa mata kuɗi ta biya, muka kutsa muka fito. Sai da muka isa gida bayan la'asar ta baje kayan a tabarma, ta kwance bakin zaninta ta fara ƙirga abin da ya rage. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ɗora yatsa a kan atamfofin ɗaya bayan ɗaya tana motsa leɓe. Can ta ce, "Kuɗin nan sun yi yawa. Na turmi uku yaron nan ya karɓa." Washegari da hantsi muka koma. Mai shagon bai ma san an yi ba. Yaron ne ya tsaya da awon yadi a hannu yana kallon kuɗin da ta ajiye a kan tebur, ya kasa cewa komai, don ya san da an zo rufe lissafi a kansa giɓin zai faɗa. Ban taɓa jin ta ba wa kowa labarin ba. A wurinta ba wani abin a zo a gani ta yi ba: cinikin turmi huɗu aka yi, kuɗin uku suka fita, saura na ɗaya.

To haka lamarinki yake. Abin da ke ɗaure mai saye shi ne farashin da ciniki ya faɗa a kai, ba abin da ya fita daga aljihunsa a ranar ba. Ke da shagon kun yi ciniki a kan ₦180,000. Kin gani a shafinsu, kin amince, sun rubuto miki a takarda. Na'ura ta ɗauki ₦125,000 ta bar saura. Kuskuren bai taɓa farashi ba, wajen karɓar kuɗi ya auku. Da a ce na'urar ta ciri ₦235,000 ne, ai da tun a daren kin tayar da su da kira, kuma da kina da gaskiya. Hujjar da za ki kafa a ranar, wato takardar oda, ita ce dai suke riƙe da ita yau.

A wajen doka, ragowar kuɗin kayan da aka kawo maka ka karɓa bashi ne kamar kowane bashi. Mai kaya na da damar nema, har ya kai ƙara idan aka hana shi, kuma jinkirin wata biyu kafin ya farga bai goge komai ba. A wajen addini ma ba sai an yi nisa ba. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, sai dai kasuwanci da aka yi bisa yardar juna. Akwai kuma hadisin da ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Ki tambayi kanki, mai shagon ya yarda ya ba ki bilenda kyauta? Bai ma san ta fita babu kuɗi ba, balle ya yarda. Tsuntsun da maigidanki ya gani gasasshe, daga murhun wani ya faɗo.

Abu ɗaya ne zai sauya wannan amsa, don haka ki je ki duba kafin ki tura ko kwabo. Ki buɗe duk saƙonnin da suka turo miki a ranar, na imel da na waya da na cikin manhaja. Idan akwai wanda ya nuna an yi miki ragin ₦55,000, ko ya nuna jimillar kuɗin oda ₦125,000 ce, to magana ta canza, domin a nan su da kansu suka faɗi farashi kika biya. Amma idan ko'ina ₦180,000 aka rubuta, kamar yadda wasiƙarki ta nuna, to rangwamen a zuciyarki kawai ya tsaya, kuma ina jin ke ma kin san haka tun ranar.

Yanzu tukwane. A nan ina bayanki ɗari bisa ɗari.

Ki tuna yadda ake ciniki a Kurmi ko a Sabon Gari. Mai kaya ya kasa kayansa, ke ki taya, shi ya ce albarka ko ya ce na sallama. Kafin ya ce ya sallama, kayansa nasa ne, yana iya cewa ya yi kuskuren faɗin kuɗi, yana iya fasa sayarwa ma. Bayan ya sallama, kin biya, kin ɗauki kaya kin kai gida, ba ya biyo ki bayan wata biyu ya ce ashe ya sayar da araha, ki ƙaro. Duk kasuwa za ta ba shi rashin gaskiya. Dokar ciniki da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila kusan a kan wannan turbar take. Farashin da ke jikin kaya a kanti ko a shafin intanet kamar kasa kaya ne, gayyata ce ga mai saye ya taya. Danna oda da kika yi shi ne tayinki. Sallamawar shago ita ce lokacin da suka tabbatar da odar, ko suka ɗauko kaya suka aiko. Shi ya sa yawancin manyan shagunan intanet ke rubutawa a cikin sharuɗɗansu, waɗanda ba mu cika karantawa ba, cewa suna iya soke oda idan sun gano kuskuren farashi kafin su aiko da kaya, su mayar wa mutum kuɗinsa. Da a wannan gaɓar suka kira ki suka ce Hajiya tukwanen nan sun tashi, ko ki cika ko mu dawo miki da kuɗinki, da sai in ce ki zaɓi ɗaya. Ba su yi ba. Sun tabbatar, sun karɓi ₦48,000, sun ɗora wa mai babur, an kawo, an jera, an dafa abinci a ciki. Ciniki ya faɗa tuni.

Ga kuma doka ta musamman. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta CPC. Sashe na 115 na dokar ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin kayansa, ya kuma hana shi neman mai saye ya biya sama da abin da ya bayyana. Idan ma farashi biyu ne a jikin kaya a lokaci guda, ƙaramin ne ke aiki. Sabunta farashi a shafinsu aikinsu ne. Ke ba ki da hanyar sanin nawa suka saro tukwane, ko yaushe dilansu ya ƙara musu kuɗi.

Akwai togaciya a nan, kuma ina so ki san ta don gaba, domin irin wannan zai sake faruwa da ke ko da wata. Doka ba ta kare wanda ya ga kuskure ƙuru-ƙuru ya yi wuf ya cafke. A 1939 wata kotu a Ingila ta saurari shari'ar Hartog da kamfanin Colin & Shields. Dillalan fata ne a Landan, suka yi tayin sayar da fatun zomo 30,000 na ƙasar Ajantina, amma wajen rubutu suka sa farashin a kan nauyin fam guda maimakon a kan kowace fata, abin da ya karya kuɗin zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai sayen ya yi maza ya amsa. Alƙali ya ce babu ciniki, domin duk maganar da suka yi a baya a kan fata ɗaiɗai suka yi ta, haka kuma al'adar sana'ar take, don haka ba yadda za a yi a ce bai gane kuskure ba ne. Duk wanda ya san harkar fatu da ƙiraga a Kano zai gane abin da alƙalin ke nufi, ɗan sana'a ba ya rasa sanin yadda ake kiran kuɗin kayan sana'arsa. A zamanin intanet ma an yi irinta a Singafo. A Janairun 2003 wani shago mai suna Digilandmall ya sa na'urar buga takardu ta dalar Singafo 3,854 a kan dala 66 bisa kuskure. Wasu abokai shida suka kwana suna danna oda, har suka tara guda 1,606 a tsakaninsu. Shagon ya ƙi ba su, suka kai ƙara, suka sha kaye, suka ɗaukaka ƙara, a 2005 suka sake shan kaye. Yawan da suka saya cikin dare ɗaya shi ya tona cewa sun san abin da suke yi.

Ki auna naki da wannan ma'auni. Setin tukwane ɗaya kika saya, na ₦48,000, suka ce ₦62,000 ne. A ƙasar da farashin abu ɗaya ke bambanta daga wannan layin kasuwa zuwa wancan, wa zai ga ₦48,000 ya ce lallai kuskure ne? Da ₦4,800 kika gani kika yi odar seti ashirin, da amsata ta sha bamban. Wannan kuwa asarar kasuwanci ce irin wadda kowane mai shago ke haɗiyewa, ya gyara shafinsa gobe. In kin ga dama wata rana kika ba su don kyautatawa, wannan alherinki ne, amma kada wani ya sa ki ji kamar haƙƙinsu kika danne.

Sai maganar manaja, wadda ita ta fi ɓata mini rai a duk wasiƙar. Mutumin da na'urarsa ta yi kuskure, ma'aikatansa suka yi wata biyu ba su gano ba, maimakon ya fara da ban haƙuri sai ya fara da wa'adin kwana uku ga mace mai goyo.

'Yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai, haka ma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 a sashe na 8. Ba ki yi kutse ba, ba ki tura rasit na bogi ba, ba ki yaudari kowa ba. Na san a aikace ana samun masu amfani da sanayya su sa a kira mutum ofis don a tsorata shi. Idan hakan ta faru kada ki je ke kaɗai, ki tafi da maigidanki ko lauya, da takardunki a hannu, kuma kada ki sa hannu a wata takardar alkawarin biyan ₦69,000.

Sa hotonki a shafi da sunan kin cinye kaya kuwa, su zai fi jefawa cikin matsala. Suna da lambarki da adireshinki ne don su kawo miki kaya, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta yarda a karkatar da bayanan mutum zuwa tozarta shi ba. Ga kuma ƙarar ɓata suna da ke jiransu. Irin wannan ɗabi'a ce ta sa FCCPC ta dirar wa manhajojin ba da rance tun 2022, masu tura wa dangin mutum saƙo suna kiransa ɓarawo. Ke ma a naki ɓangaren ki riƙe hannunki, kada zafin rai ya sa ki rigaye su zuwa Facebook ki zazzage su. A ƙasar nan an sha ganin wanda rubutu a kan kayan wani kamfani ya kai shi hannun 'yan sanda, kuma ba kya buƙatar wannan wahalar alhali hujja na hannunki.

Maganar kati ce ke da ɗan sarƙaƙiya, ba zan ce miki babu komai ba. A ranar da kika danna biya, ₦180,000 kika amince a cira, don haka idan suka ciri ₦55,000 ɗin da ya rage suna da abin faɗa a gaban banki. Amma ₦14,000 ba ki taɓa ba da izininsa ba, cire shi taɓa asusu ne ba da yardar mai shi ba. Kada ki jira ki ga wanne za su yi. Yau ɗin nan ki shiga manhajar ki goge katin, in kuma hankalinki bai kwanta ba ki sa bankinki ya rufe shi ya ba ki sabo. Idan duk da haka kika ga an ciri wani abu, ki rubuta wa bankin ƙorafi nan take, ki karɓi lambar ƙorafin ki ajiye. In banki ya yi biris, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya shi ne mataki na gaba. Ba don ki gudu da kuɗinsu na ce ki goge katin ba, sai don biyan ya fita ta hannunki, da adadin da ya dace, da shaida.

Kafin ki tura kuɗi ma, ki tabbatar da su waye kike magana da su. 'Yan damfara sun iya wannan salon sosai, su samo bayanin odar mutum, su kira shi su ce akwai ciko, su ba shi lambar asusun wani can. A naki lamarin da alama shagon ne da gaske, tunda adadin da suka faɗa ya yi daidai da giɓin da ke da kanki kika gani. Duk da haka ki kira lambar da ke jikin takardar odarki ko cikin manhajar, ba wadda ta kira ki ba. Ki biya cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinki, ko lambobin nan da banki ke turowa a waya lokacin biya, ko BVN, ki kashe wayarki, ko da ya rantse shi ne mai shagon.

Daga nan ki daina magana da su ta baki. Ki rubuta, ta imel ko ta WhatsApp ɗin kamfanin, inda zai zauna. Ga kwatankwacin abin da za ki ce: "Na duba odata mai lamba kaza. Na tabbatar an ciri ₦125,000 maimakon ₦180,000, kuma na amince akwai ragowar ₦55,000 na bilenda. Ku turo mini takardar neman biya da sunan kamfani. Zan biya kashi uku, a ranaku kaza da kaza da kaza. Tukwane kuwa na saye su a farashin da kuka bayyana kuka kuma tabbatar, ₦48,000, don haka babu ciko a kansu. Ban ba da izinin cire komai daga katina ba. Ina neman a daina yi mini barazana, kuma bayan biyan ƙarshe a rubuto mini cewa babu sauran bashi a kan wannan oda." Ki ɗauki hoton shafin odar, da alat ɗin banki, da duk saƙonnin yarinyar, ki kuma rubuta rana da lokacin da manajan ya kira da abin da ya faɗa tun kina tunawa.

Na ce kashi uku ne saboda kin ce hannunki babu kuɗi, kuma ba abin kunya ba ne, bashi hanji ne. Ba dole ne su amince da biya kaɗan-kaɗan ba, amma ɗan kasuwa mai hankali da ya yi wata biyu bai san kuɗinsa na waje ba, ba zai ƙi wata biyu ko uku da alkawari a rubuce ba. Ko kotu suka je, abin da za su samo bai wuce wannan ba, ga ɓata lokaci. Sai dai ki faɗi ranakun da kika tabbata za ki iya cikawa. Gara ki ce kashi ɗaya duk wata ki cika, da ki ce rabi gobe ki saɓa. Da bilendar na cikin kwalinta da na ce ki ba su zaɓin su zo su ɗauka da kuɗin motarsu, to amma ta shiga ɗakin amarya, kuma ba na son ki je ki cire wa yarinya kaya daga kicin a watan farko na aurenta. Wannan magana ma ba sai ta kai kunnenta ba. Ba laifi ba ne kuma ki nemi su yi miki ɗan sassauci saboda tashin hankalin da suka jawo miki. In sun rage, kin ci halal, tunda da bakinsu suka yafe. In sun ƙi, ki biya cif.

Ita yarinyar da ta ce za a yanki albashinta, ban san ko gaskiya ta faɗa ko koya mata aka yi ba, amma na san irinta da yawa a shaguna, masu karɓar albashin da bai kai kuɗin bilendar nan sau biyu ba, kuma kullum a kansu tulun ke fashewa. Dokar ƙwadago ba ta bar mai shago ya yanki albashin ma'aikaci yadda ya ga dama ba, sai dai kaɗan ne daga cikinsu ke da ƙarfin tsayawa su ja da maigida. Idan kin tura kashin farko, ki tura mata shaidar ita ma ta riƙe. Sai dai kada tausayinta ya sa ki biya na tukwane, domin ba ita ke sa farashi a shafi ba, kuma kuɗin ba aljihunta za su shiga ba.

Idan kika yi duk wannan suka nace sai ₦69,000, ko suka ci gaba da kira da tsoratarwa, ki kai ƙorafi FCCPC, suna karɓa ta shafinsu na intanet, kuma ba a biyan kuɗi. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. In kuma su ne suka kai ki ƙara, ko kotun ƙananan basussuka ko kotun Musulunci, kada gabanki ya faɗi. Wadda ta zo da saƙon da ta amsa bashinta a rubuce, da rasit na abin da ta fara biya, ba ita alƙali zai ɗaure wa fuska ba.

Shi kuma maigidanki, ki same shi a lokacin da ya huta, kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki ajiye masa takardar odar da alat ɗin gefe da gefe a wayarki, ki bar shi ya yi lissafin da kansa. Ki faɗa masa ₦14,000 ɗin kam kin bi maganarsa, ba za ki bayar ba, kuma kina son idan manajan ya sake kira shi ya amsa. Yawancin maza in aka ba su wannan matsayin sukan sauko, wataƙila ma ya ɗauke miki kashin farko. Yayarki kuma ki gode mata, ki tambaye ta ko cikin 'yan'uwan da aka yi hidimar bikin tare akwai mai iya kama miki, tunda bilendar ba a kicin ɗinki take ba.

Ki rubuto mini bayan kin ji amsarsu, musamman idan sun ƙi turo takarda da sunan kamfani.